Yadda ake bin sawun wanzamai, maɗora da dokokin kiwon lafiya a tsofaffin takardun Sakkwato

Tun da na fara ba da labarin abin da nake tonowa game da wanzamai da maɗora da ungozomomin ƙasar Sakkwato, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini. Galibi daga ɗaliban tarihi da na sashen Hausa take fitowa, wani lokaci kuma daga likitoci da ma'aikatan jinya masu son sanin tushen aikinsu: "Malam, ta ina ake farawa?" Wasu ma sai sun ƙona kuɗin mota zuwa rumbun takardun tarihi na Kaduna sun dawo hannu rabbana sannan suke tambaya. To ga yadda nake bi, daki-daki.

Abu ɗaya nake so ya zauna maka a rai tun yanzu. Ba za ka tarar da wani fayil da aka rubuta wa "Ƙungiyar Wanzaman Sakkwato" ba. Masu sana'ar magani ta gado suna da shugabanci, suna da sarautu irin su Sarkin Aska da Sarkin Ɗori, suna da ƙa'idar wanda ya isa ya riƙe aska da wanda bai isa ba, amma ba su ajiye littafin taro ba. Takarda tana kama su ne kawai a ranar da suka ci karo da hukuma: ranar haraji, ranar shari'a, ranar annoba, ranar naɗi. A waɗannan wuraren za ka neme su.

1. Ƙuntata tambayarka tun kana gida

Ɗauki sana'a ɗaya, yanki ɗaya, zamani ɗaya. "Tarihin maganin gargajiya a Sakkwato" kogi ne, zai tafi da kai. Amma "yadda aikin wanzamai ya kasance bayan da 'yan lamba, wato masu yi wa mutane rigakafin agana, suka fara zagaya ƙauyukan Gwadabawa" tambaya ce da za ka iya kamawa da hannu biyu. Haka nan "wa ke hukunta maɗori idan ɗori ya ɓaci a zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, 1931 zuwa 1938".

Zamanin da ka zaɓa shi zai gaya maka harshen da za ka karanta da garin da za ka je. Kafin faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa a watan Maris na 1903, Larabci ne da ajami, kuma yawancin takardun suna nan gida. Daga 1903 zuwa 1960 Ingilishi ne ya fi yawa, kuma jigon takardun yana Kaduna. Daga 1960 zuwa 1976, lokacin da aka rushe En'e aka kawo ƙananan hukumomi, takardun sun rarrabu tsakanin Kaduna da Sakkwato.

Hattara: "Sakkwato" ta cikin fayil ba jihar da ka sani yau ba ce. Lardin Sakkwato ya haɗa da Gwandu da Argungu da ƙasar Zamfara, daga baya har da Yawuri. An yi Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, aka cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996. In ka ga adadin masu agana na "Sokoto", ka fara tambayar kanka: birni ake nufi, ko masarauta, ko lardi gaba ɗaya?

2. Haɗa jerin kalmomin nema cikin harsuna uku

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke raba wanda zai samu da wanda zai rasa. Ɗauki littafin rubutu ka ja layi uku: Hausa, Larabci, Ingilishin Turawan mulki.

Wanzami a takardar Larabci yana iya fitowa a matsayin hajjam, wato mai ƙaho, ko khattan, mai kaciya. A takardar Bature "barber" ne. Ungozoma ana ce mata "ƙaabila" a Larabci, "native midwife" a fayil. Maɗori mujabbir ne, Bature ya ce "bone-setter". Boka da ɗan bori da mai saiwoyi kuwa Bature yakan zuba su a kwando ɗaya, ya kira su "native doctor" ko "medicine man", in ransa ya ɓaci ya ce "quack", wani lokaci ma ya jefa maganarsu ƙarƙashin "witchcraft". Cututtuka ma haka: agana judari ce, "smallpox", kuturta juzam ce, "leprosy", sanƙarau kuma da haruffa uku kawai za ka gan shi, C.S.M. Murar nan da ta game duniya a 1918, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, tana ƙarƙashin "influenza".

Ƙara da sunayen garuruwa yadda aka karkace su. Gwandu "Gando" ce, Tambuwal "Tambawel", Sakkwato kanta a rubutun Baturen nan matafiyi Clapperton "Sackatoo". Littattafai biyu za su taimaka maka a nan: ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda yake nuna kalmomin da Sakkwatanci ne, da ɗan ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa wanda likita J. M. Dalziel ya wallafa a 1916. Da na biyun za ka gane itacen da wani tsohon rahoto yake nufi.

Hattara: a Sakkwato uban ƙasa shi ne mai gunduma, hakimi kuma na ƙasa da shi ne. A Kano hakimi ne mai gunduma. Ɗalibin da ya karanta littattafan Kano ya zo ya fassara "District Head" da hakimi a gaban dattijon Sakkwato, to sun fara magana kan mutane biyu daban ba su sani ba.

3. Takardar gabatarwa, kayan aiki da lissafin kuɗi

Karɓi takardar gabatarwa daga sashenka ko wurin aikinka, mai hatimi, wadda ta faɗi sunanka da batun bincikenka. Yi kwafi biyar ko shida, domin kowane gidan adana takardu zai riƙe ɗaya. Haɗa da katin shaida da ƙananan hotunanka.

Kayan aiki ba su da yawa: fensir da abin fiƙe shi, littafin rubutu mai kauri, waya mai kyamara mai kyau da wadataccen wurin ajiya, abin cajin tafi-da-gidanka, takunkumin hanci, da gilashin ƙara girman rubutu. Kada ka raina takunkumin. Ƙurar takardar da ta shekara 80 a rufe tana kama maƙogwaro, kwana biyu sai ka ji muryarka ta dushe.

Kuɗi kuwa, kasa su gida huɗu. Kaso mafi girma na zaman Kaduna ne: mota ta Gusau da Funtuwa da Zariya, masauki, abinci. Ka yi lissafin aƙalla kwana 10 na aiki, wato mako biyu, domin ba a buɗewa Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ce a aikace. Kaso na biyu na rajistar mai bincike ne da kuɗin kwafi ko ɗaukar hoto, wanda sau da yawa a kan shafi ake lissafawa. Farashin yana canzawa, saboda haka ka buga waya ka tambaya kafin ka tashi, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit. Kaso na uku na malamin da zai zauna da kai ku karanta Larabci ko ajami ne, in hannunka bai faɗa ba. Na huɗu na goron dattawa ne da kuɗin zirga-zirgar ƙauyuka. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, sai mutum ya dawo daga Kaduna aljihu ya bushe alhali rabin aikin na gaba.

4. Fara da gida kafin ka yi nisa

Je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke cikin birnin Sakkwato, sannan Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Duka biyun suna da rubuce-rubucen hannu. Gidan tarihin kuma yana da takardun zamanin En'e da na gwamnatin jiha. Kada ka nemi takarda a ranar farko. Nemi jerin abin da suke da shi, ka zauna ka karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, kana rubuta lambar duk abin da ya yi kama da jerin kalmominka.

A ɓangaren rubutun hannu, mutumin da za ka fi cin karo da shi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Ya yi rubutu da dama kan magani: akwai Al-Mawaridun Nabawiyya, akwai Ujalatur Rakib, akwai Al-Ƙaulul Manthur wanda ya keɓe wa ciwon basir, akwai kuma wanda ya yi kan ciwon ido. Son da yake yi wa fannin bai ɓoyu ba, domin lokacin da Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Shehu Abdullahi na Gwandu ma yana da Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki.

Hattara: waɗannan littattafai suna nuna maka abin da malamai suka karanta suka kuma yarda da shi, kuma da yawa daga cikinsa an ciro shi ne daga tsofaffin littattafan Larabci. Ba hujja ba ne kan abin da wanzamin kasuwa yake yi da askarsa. Na sha ganin kundin ɗalibi ya ɗauko shafi daga Bello ya ce "haka Sakkwatawa suke magani a ƙarni na 19". Wannan tsalle ne da takardar ba ta ba ka izininsa ba.

In kana neman doka, wato wa ke sa ido kan mai magani, bi ta ƙofar fiƙihu. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi ne da lamuni, wato alhakin biyan abin da ya ɓaci a hannunsa. Daga nan malaman Malikiyya suka faɗaɗa hukuncin mai magani da mai kaciya in aiki ya ɓaci a hannunsu. Duba babin lamuni da na diyya a littattafan da alƙalanmu suke hukunci da su, irin su Muhtasar da Tuhfa, ka kuma duba abin da aka rubuta kan aikin hisba a kasuwa. Sai ka nemi wasiƙun fada da amsoshin tambayoyin da sarakuna suka aiko Sakkwato. Layi ɗaya a cikin wasiƙa, inda ake neman a aiko da wani mai magani ko ake ƙarar wani, ya fi shafi goma na ƙa'ida amfani gare ka.

Kwanan wata na Hijira ne. Lissafin gaggawa: raba shekarar da 33, cire abin da ka samu daga shekarar, ƙara 622. Da shi 1232 za ta ba ka wajen 1817. Amma galibi shekarar Hijira tana ratsa shekarun Miladiyya biyu, don haka in wata da rana suna da muhimmanci ka yi amfani da jadawali. Wani marubucin ma da haruffa yake rubuta shekara, wato ramzi, kuma lissafin haruffan Magrib da muke bi ya saɓa wa na Gabas a wasu haruffa. Nan ne malaminka zai ci kuɗinsa halal.

5. Kaduna: bi fayilolin bisa wannan tsari

Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa reshen Kaduna shi ne rumbun takardun Jihar Arewa. Jeri biyu ne naka. SOKPROF takardun ofishin Razdan na Lardin Sakkwato ne. SNP kuma na sakatariyar Lardunan Arewa ne, inda ake yanke shawarar da ta shafi kowa. Kowane jeri yana da littafin da ya lissafa fayilolinsa da lamba da take. Cike takardar buƙata da lambar daidai yadda take, har ɗigo da karan tsaye, domin ma'aikacin da zai shiga rumbu lamba yake bi, ba take ba.

Fara da rahotannin shekara-shekara na lardi. Kowanne yana da sashen lafiya da tsafta, wani shafi biyu, wani sakin layi ɗaya. Karanta na shekaru 10 a jere. Da haka za ka san shekarar da agana ta ɓarke, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, shekarar da aka buɗe dispensa a wace gunduma. Wannan shi ne ƙashin bayan aikinka, sauran duk a kansa za ka rataya su.

Na biyu, rahotannin ƙididdigar haraji na gundumomi. A ganina waɗannan su ne taskar da ba a sani ba. Jami'in da aka tura ya yanka haraji dole ya ƙidaya masu sana'a, ya kuma ƙiyasta abin da kowa yake samu a shekara. Sai ka tarar da jadawali: maƙera kaza, masaƙa kaza, majema kaza, mahauta kaza, wanzamai kaza. Bature bai damu da tarihin wanzami ba, kuɗinsa yake so, kuma saboda haka ne ya ƙidaya shi. Ɗauki gunduma ɗaya ka nemi ƙididdigarta ta shekaru biyu masu nisa da juna, ka kwatanta.

Hattara: mutum ba ya faɗa wa mai yanka haraji gaskiyar samunsa. Sannan ungozoma kusan ba ta fitowa a irin wannan jadawalin, saboda tana cikin gida kuma ladanta sau da yawa hatsi ne da nama da sabulu, ba tsabar kuɗi ba. Rashin ganinta a takarda ba rashinta ba ne a gari.

Na uku, fayilolin lafiya kansu: lamba, annoba, kutare, mahaukata, duba-gari, horar da malaman dispensa da ungozomomin asibiti. Fayilolin lamba sun fi kowanne yawan ambaton masu maganin gargajiya, domin a nan ne aka fi samun ja-in-ja. Lura da duk inda aka yi ƙorafi kan tsohuwar hanyar nan da aka sani a Afirka ta Yamma, ta ɗebo ruwan ƙurjin mai agana a tsaga wa mai lafiya. Lura kuma da inda aka ce mutane sun gudu daji ko sun ɓoye yara da jin 'yan lamba sun iso. Kan kuturta, nemi Amanawa, sansanin da ke kusa da Sakkwato wanda aka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da shi a ƙarshen shekarun 1930. Wani ɓangare na labarinsa yana rumbun mishan ɗin a Amurka, kuma ana iya rubuta musu wasiƙa ta intanet.

Na huɗu, kasafin kuɗin Baitulmalin En'e. Layin albashi yana faɗin gaskiyar da rahoto ke ɓoyewa: 'yan lamba nawa ake biya, duba-gari nawa, nawa aka ware wa magani. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12. In ka ga 1.5.6 fam ɗaya ne da sule biyar da sisi, kada ka karanta shi kamar lissafin naira da kwabo na yau, wanda sai a 1973 aka fara shi. Shekarar kuɗi kuma daga Afrilu take farawa ta ƙare a Maris.

Ga yadda fayil yake a hannu. Bangonsa ya koma ruwan ƙasa, an zura takardun da ɗan zare mai ƙarfe a baki, tsatsar allura ta ci kusurwar shafukan farko har ta huda su. Takarda mafi tsufa tana can ƙasa, saboda haka daga baya za ka fara karatu ka taho gaba. A ciki akwai wasu shafuka da ba wasiƙu ba ne, gajerun sharhi ne da jami'ai suke rubuta wa juna da hannu, wani da tawada, wani da jan fensir ko shuɗi, kowa ya sa haruffan sunansa da kwanan wata. Kada ka wuce su don rubutun yana da wuyar karantawa. Wasiƙar da aka buga da tafireta abin da aka yarda duniya ta gani ne. Abin da likita da Razdan suke tunani a kan Sarkin Aska, ko dalilin da ya sa aka fasa zartar da wata doka, a waɗannan shafukan yake.

In ka sami rarar kwana, leƙa Gidan Arewa da ke nan Kaduna, ka kuma nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. Wasiƙun masu karatu da sanarwar tsafta a cikinta suna ba ka kalmomin da mutane suke amfani da su a lokacin.

6. Ɗaukar hoto da rubuta bayani

Nemi izini tukuna. In an ba ka, hoton farko na bangon fayil ne, inda lamba da take suke. Sai shafuka a jere, ba tare da walƙiyar kyamara ba. Hoton ƙarshe na ɗan farin kati ne da ka rubuta "ƙarshe" a kai. Na taɓa dawowa daga wata tafiya da hotuna sama da 300 a waya, shafuka masu daraja, amma ban ɗauki bango ba. Da na zauna rubutu na kasa sanin wane shafi daga wane fayil ya fito, kuma shafin da ba ka san fayil ɗinsa ba ba ka da ikon kafa hujja da shi. Sai da na sake tafiyar.

Kowane dare ka kwashe hotunan zuwa kwamfuta ko wani wurin ajiya na biyu, ka sa wa kowane kundi lambar fayil ɗinsa. A littafinka kuma ka bambanta abu uku da alama: maganar takarda kalma da kalma, taƙaitawarka, da tunaninka. Bayan wata shida ba za ka iya tuna wanne ne wanne ba.

Kada ka lashi yatsa ka buɗe shafi, kada ka cire allura, kada ka gyara jerin takardu ko da ka ga kamar sun hargitse. Shafin da ya manne, kira ma'aikaci.

7. Bambanta doka a takarda da doka a ƙasa

Za ka ci karo da dokoki: ta kiwon lafiyar jama'a ta 1917, dokar 1963 da ta kafa majalisar rajistar likitocin Nijeriya, har zuwa kafa NAFDAC a 1993. Rubuta su a jere da shekarunsu. Amma kowace doka ka yi mata tambaya uku. A ina ta fara aiki? Da yawa daga dokokin zamanin Turawa a unguwannin Turawa da sabon gari da bakin tashar jirgi aka zartar da su, ba a cikin ganuwa ba. Wa aka ɗora wa zartar da ita? A ƙasar Sakkwato komai ta hannun En'e yake bi, daga Sarkin Musulmi zuwa uban ƙasa zuwa hakimi, don haka umarnin En'e ya fi dokar Legas kusa da talaka. An taɓa hukunta wani da ita? Wannan sai littafin kotun alƙali, wanda na farkon zamani da Larabci yake. Nemi ƙarar da ta shafi kaciyar da ta ɓaci, ko maganin da aka ce ya yi kisa, ko tarar wanda ya ɓoye mai agana. Hukunci ɗaya da ka gani da idonka ya fi doka biyar da ba ka ga an taɓa kowa da su ba.

8. Ɗauki abin da ka samu ka kai wa masu sana'ar

Sai yanzu ne za ka je wurin dattawa, ba tun farko ba. Wanda ya je da hannu wofi tambayar wofi yake yi, a ba shi amsar da ake ba kowane baƙo. Wanda ya je da shekara da sunan gari da abin da Bature ya rubuta, shi ake gyara wa zama.

Bi ta ƙofa. Fara da fadar uban ƙasa ko hakimi, a haɗa ka da wanda zai kai ka wurin Sarkin Aska ko Sarkin Ɗori. Je da goro. Kada ka je da damina ana noma. Lokacin sanyi ya fi, domin a lokacin ne aka saba yi wa yara kaciya, za ka ga sana'ar a raye, ko da yake sai ka yi haƙurin jira. Maganar ungozomomi kuwa aikin mace ne. 'Yan'uwa mata masu bincike suna da ƙofar da mu ba mu da ita, kuma wannan fanni yana jiran su. Namiji ya nemi abokiyar aiki, ya kuma sa sunanta a aikin.

Na taɓa zama a zauren wani tsohon wanzami a wani gari gabas da Sakkwato. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, na ga a takardar Turawa an ƙidaya wanzaman garin nan." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi kaka biɗa ga takardar Nasara? Wanga aiki gadonmu na." Ya jawo zabira, fatar ta yi baƙi ta yi sheƙi don shan hannu, ya kwance ta a kan tabarma. Ya jera asake, kowace da aikinta, ya ɗauko ƙaho ya nuna mini ɗan ramin da ake zuƙa a toshe. Sai da ya gama wannan sannan ya shiga abin da na zo nema ba tare da na tambaya ba. Ya ce a zamanin mahaifinsa baƙon wanzami ba ya buɗe zabira a kasuwarsu sai ya fara zuwa ya gai da Sarkin Aska. Yaro yana shekaru yana aski kafin a bar shi ya yi ƙaho, kaciya kuwa ita ce ta ƙarshe, kuma ta farko a gaban ubangidansa zai yi ta. Kowane wanzami yana da gidajensa da ya gada, ba ya shiga na wani. In aiki ya ɓaci, wurin Sarkin Aska ake fara kai magana kafin ta kai ga alƙali. Rajista ke nan, da horo, da iyakar aiki, da ladabtarwa, duk babu ko ɗaya a fayil ɗin da na karanta.

Tambayoyin da suka fi buɗe baki su ne na jerin sarauta: wa ya riƙe kafin wa, wane Sarkin Musulmi ko uban ƙasa ne ya naɗa shi. Da sunan mai naɗi za ka sami shekara. In an ce "zamanin Maiturare", wato Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare, ka san tsakanin 1915 da 1924 ne. In an ce "zamanin Abubakar", wato Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, sai ka ƙara tambaya, domin daga 1938 zuwa 1988 shekara 50 ce: kafin zaɓen farko ko bayansa, kafin yaƙin basasa ko bayansa?

Hattara: kada ka tambayi laƙani ko haɗin magani. Sirrin gida ne, kuma ba shi ka zo nema ba. Tambaya ɗaya irin wannan tana rufe bakin da ka sha wahala kafin ya buɗe. Nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka kuma tambaya ko a sa suna ko a sakaya.

9. Jera, auna, sannan ka rubuta

Yi jadawali mai layi huɗu: shekara, abin da takardar Bature ta ce, abin da takardar Larabci ko ta En'e ta ce, abin da dattawa suka ce. Inda suka yi daidai ka rubuta da ƙarfin gwiwa. Inda suka saɓa, kada ka zaɓi ɗaya ka binne ɗaya. Kawo duka biyun ka faɗi wanda ya faɗa da abin da zai sa ya faɗi haka. Likitan lardi yana son a ƙara masa kuɗi da ma'aikata, saboda haka yana iya zuzuta ɓarnar masu maganin gargajiya. Jikan Sarkin Aska yana kare martabar gidansu, saboda haka ba lallai ya ba ka labarin kaciyar da ta ɓaci ba.

Hattara ta ƙarshe ta shafi amana. Rajistar kutare da ta masu taɓin hankali da littafin kotu suna ɗauke da sunayen mutane da na ƙauyukansu, kuma jikokinsu suna nan da rai, ana neman aurensu. Ka ƙidaya su, ka faɗi shekara da gunduma, amma suna ya tsaya a littafinka.

In ka gama, buga kwafi uku. Ɗaya na sashenka, ɗaya ka kai gidan tarihin da ka fara da shi don mai zuwa bayanka, ɗaya kuma ka koma da shi zauren da aka shimfiɗa maka tabarma, ka karanta wa mai gidan sashen da ya shafe shi da Hausa, fensir a hannunka, domin zai yi maka gyara.